Ba Zan Sayar da Rumfata Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Hajara daga Dutse Alhaji, ina sayar da atamfa a kasuwar Wuse.

Da damina na zame a bakin rumfata, jijiyar gwiwata ta tsinke, aka yi mini aiki. Bayan an sallame ni sai ƙafar ta kumbura, ta ɗauki zafi. Gwaggona ta kawo man zafi ta ce, "Miƙo in murza miki, asibiti sun gama nasu."

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ba mai taɓa ƙafar nan sai likita."

Ta ce na raina ta. Na koma asibiti, likita ya ce jini ne ya daskare a jijiya, da an murza zai iya kaiwa huhu.

Yanzu kuma 'yan uwa na cewa in sayar da rumfa, wai na zama gurguwa. Wallahi ba zan sayar ba! Da sandata nake shiga tasi in je in buɗe.

Sai dai gwiwar ba ta lanƙwasuwa sosai, a zaune nake salla. Wanda aka taɓa yi wa irin wannan aiki ya ba ni shawara. Ina gaida Gwaggo, ko da ba za ta amsa ba.