Wa Zai Ɗauki Enoch a Jirginsa?

Mai girma shugaban wannan taro, wakilin shugaban ƙaramar hukumar Ngaski. Mai girma wakilin Hakimi da masu unguwanni. Sarkin Ruwa da shugabannin ƙungiyar masu jirage ta Wara. Limamanmu da fastocinmu, waɗanda yau suka zauna a benci ɗaya. Baƙinmu da suka taso tun daga Birnin Kebbi da Yauri. Iyayena mata da ke can baya cikin rana, tunda rumfa ba ta kai gare su ba. Sauran jama'a manya da yara, ina gaishe ku da gaisuwar girma, sallama a gare ku baki ɗaya.

Sunana Marta Dogo, malamar firamare, shekara ashirin da shida da alli a hannu, kuma ni aka ɗora wa shugabancin wannan gangami tun ranar da aka fara shi, shekara uku ke nan. Ina godiya ga baƙinmu da suka kawo riguna da alluna, suka biya sanarwar rediyo. Ina godiya ga malaman addini da suka sa maganar cikin huɗuba da wa'azin Lahadi. Ina godiya ga malaman makaranta da suka tsawata wa yara har muryoyinsu suka dushe.

An ba ni takarda mai shafi huɗu in karanta muku, kuma na karanta ta sau biyu a gida, babu ƙarya a cikinta. Amma zan ajiye ta, shugaba ya yi mini haƙuri, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuma na gaji da ɓoyo. Magana uku ce da ni.

Ta farko, abin da muka samu. Mun tashi ne domin a daina jifar masu jinkirin fahimta da sunayen wulaƙanci. Zan faɗe su sau ɗaya, a gafarce ni: dolo, gaula, soko, taɓaɓɓe. Yau a kasuwar Wara da wuya ka ji an ɗaga murya da su. An zagaya gida-gida da takardar tambayoyi, mutum tara cikin goma suka ce sun daina faɗinsu. Har na goman ma, na san shi, kunnensa ne bai ji tambayar ba. Wannan nasara ce, ba zan raina ta ba, don na san abin da kalmomin nan suka yi wa gidanmu. Innarmu ta rayu shekara talatin tana jin ana kiran ɗanta da su a bakin ƙofarta, kullum sai ta shige ɗaki ta rufe, ta bar tuwo yana ƙonewa.

Ɗan nan nata shi ne ƙanena Enoch, kuma shi ne maganata ta biyu. Da yawanku kun san shi. Shekararsa arba'in da ɗaya, furfura ta fara fito masa. Ba ya karatu, ba ya gane canji, in ka aike shi da saƙo biyu ɗaya zai kai. Amma shekara goma sha tara yana aiki a jirgin Malam Haruna, wanda ke ƙetarar da 'yan kasuwa da buhunan albasa. Enoch ne ke kwashe ruwa a cikin jirgi, shi ke riƙe igiya a gaɓa, shi ke saɓa tsohuwa a baya ya sauke ta a tudu ba tare da zanenta ya jiƙe ba. Ana kiransa da munanan sunayen nan daga safe har yamma, Malam Haruna ma shi ne kan gaba. Enoch yakan dawo gida wata rana fuska a murtuke, amma yakan dawo da kifi a hannu, jikinsa yana warin fetur, yana ba ni labarin wanda ya yi amai a tsakiyar ruwa.

Da muka fara gangami, sai muka ga wa'azi kaɗai ba ya shiga kunnen mutanen bakin ruwa. Ni Marta, da ƙafata, na je wurin Sarkin Ruwa na ce a yi doka. Ƙungiyar masu jirage tana da horonta tun asali, kowa ya sani: wanda ya yi laifi a cire shi daga layin lodi. Na ce to, a sa wannan ma a ciki, duk wanda aka ji ya zagi mai irin wannan lalura a cire jirginsa daga layi kwana uku. Aka amince, aka tafa, aka ɗauki hoto. Na koma gida ina jin kamar na share wa Inna hawaye a kabarinta.

Dokar ta yi aiki, jama'a. Mutum biyu aka hora a watan farko, daga nan bakin kowa ya mutu. Sai dai ba zagin kaɗai ya mutu ba. Wata safiya Enoch ya je da gwangwaninsa na kwasar ruwa, Malam Haruna ya ce masa yau jirgi ya cika. Gobe ma ya cika. Jibi ma ya cika. Ya je wurin wasu, kowa ya sunkuyar da kai yana gyaran inji. Masu shayi da a da suke tsokanarsa suna miƙa masa ragowar burodi, yanzu in ya doso sai hira ta tsaya har ya wuce. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya ce masa zo. Shekara biyu da wata biyar ke nan ƙafarsa ba ta taka jirgi ba.

Na tari Malam Haruna da faɗa, kun san halina. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Malama, ni ban iya bakina. Shekara sha tara ina ce mai hakanan, in ruwa ya taso ina ihu ban san abin da ni ka faɗi ba. In na ɗauke shi baki ya kuɓuce, a fidda ni layi kwana ukku, ɗiyana mi za su ci? Gara in bar shi tudu, kowa shi huta.” Ban ce yana da gaskiya ba. Mutumin da ya iya sarrafa jirgi cikin igiyar ruwa ya isa ya sarrafa harshensa in ya ga dama. Amma ni na ɗora masa zaɓi tsakanin abincin 'ya'yansa da ƙanena, kuma ban san uban da zai zaɓi ƙanena ba. Garin gyaran gira na tsone ido, idon kuma na gidanmu ne.

Maganata ta uku gajera ce, ita ce kuma ta fi ba ni kunya. Mun yi taro goma sha ɗaya a kan mutane irin Enoch. Mun kira likita, mun kira lauya, mun kira mai waƙa. Ba mu taɓa tambayar ko ɗaya daga cikinsu abin da yake so ba. Ni da nake kwana gida ɗaya da shi, ni da nake yawo ƙauye-ƙauye ina faɗin ku girmama su, sai a makon jiya na zauna na tambaye shi. Ya riga ni ma, ya ce, “Yaya, mi niy yi musu?” Na ce ba ka yi komai ba. Na ce, Enoch, wanne ka fi so, da can da suke zaginka suna tafiya da kai, ko yanzu da suka daina? Ya yi mini irin kallon da nake yi wa ɗalibin da ya yi tambayar banza, sannan ya ce, “Su bar faɗi, kuma su tai da ni. Ba a iya duka biyu?”

Amsar ba ta hannuna. Tana hannun masu jiragen da ke zaune a layi na uku, sanye da rigunan da muka raba.

Saboda haka, ranka ya daɗe Sarkin Ruwa, da bakin da na roƙi dokar nan, da shi nake roƙon a ɗage ta. Wanda bakinsa ya kuɓuce, a ce ya dubi mutumin ya ba shi haƙuri a gaban jama'a, ya kira shi da sunan da uwarsa ta sa masa, jirgi ya tashi da su duka. Ku kuma baƙinmu, in za ku sake zagayawa da takarda, ku ƙara tambaya ɗaya: yaushe rabonka da ka zauna da irin wannan bawan Allah, ka ci abinci da shi, ko ka ba shi aiki? Sakamakon ba zai yi daɗin karantawa a taro ba, amma ku rubuta shi yadda ya fito.

Na ce wa Enoch ya biyo ni yau ya zauna a gaba, ya ƙi. Ya ce in ya bar bakin ruwa wani zai iya nemansa bai same shi ba. Yanzu haka yana can, gobe ma da sassafe can zai koma. Kada kowa ya miƙe a nan ya yi mini alkawari, a gaban manyan baƙi kowa mai kirki ne, kuma na sha tafi har ya ishe ni. Ni dai gobe da yamma zan tsaya a ƙofar gida, in ya shigo in ji ko jikinsa yana warin fetur.

Allah ya ja zamanin shugabanninmu, ya tsare masu shiga ruwa da masu jiransu a gaɓa. Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a ƙasar Yauri. Allah ya yafe mini kuskuren da na yi da kyakkyawar niyya, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.