Hannuna Bai Manta Hagu Ba

Salamu alaikum, mai gabatarwa. Ni ne Baba Jauro Direba daga Manawashi, Gombe. Ban yi boko ba, maƙwabcina ya rubuta mini.

Tun shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama na ajiye motar auduga. To bana ma'aikata sun samu sarari, kowace Lahadi suna wasan mota a bayan unguwar Barunde: tsere kan burji, hawan tudu, ratsa yashi, da zagaya ganga. Wani motoci biyu yake kawowa. Ni ƙarfina na guda ne, sai na sayi 'yar kunkurun nan mai inji a baya, na shiga cikinsu. Ba ta shan ruwa balle ta tafasa, yashi kuma bai riƙe ta. A tsere ni ne kutal, amma tudu da yashi lafiya lau.

Sai zagaya ganga. Kowa ya bi dama, hannuna ya bi hagu, yadda muka saba tun zamanin Turawa. Saura ƙiris mu yi karo da wani malamin asibiti. Ɗana Hamma ya ce, "Baba, ka sake, na ɓoye makullin." Na ce, "Kai, ina kan sitiyari aka raɗa maka suna!"

Tsofaffin direbobi, ina gaishe ku. Yaya kuka yi hannunku ya karɓi dama? Ni dai gobe da sassafe zan kafa ganga a fili, in yi ta zagayawa, Hamma na kallo.