Tsargiya Ba Alamar Girma Ba Ce

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu sauraro. Ni ne Sagiru mai fenti daga Bunkure, mai rubuta karin magana a bayan motocin tumatir.

Tun ina shekara goma sha biyu nake shiga kanal ɗin ban ruwa, tun lokacin kuma nake fitsarin jini. Na faɗa wa kawuna da ya riƙe ni, ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan nan, girma ne ya zo, kowane namiji a garin nan ya yi." Ya ɗora da karin magana biyu, zance ya mutu.

Watan jiya ciwon mara ya kai ni asibiti. Likita ya ce tsargiya ce, ta daɗe tana cin mafitsarata. Na samo wani tsohon littafin kiwon lafiya na lallaɓa na karanta, ashe likitoci sun san tsutsar da ke kawo ciwon, da katantanwar ruwa da ke ɗauke da ita, tun kafin a haifi Kawu.

Na zana katantanwar a bangon shagona, na rubuta gargaɗi a ƙasa. Kawu ya duba ya ce, "Zanen ya yi, amma maganar ba gishiri." Jibi zai kai 'ya'yansa biyu dashen shinkafa cikin ruwan nan.

Wallahi na gaji, kuma bakina ba linzami. Ku ba ni shawara kafin in faɗa wa wanda ya raine ni abin da ba ya gyaruwa. Ina gaida direbobin Garun Mallam.