Hayaƙin Banda a Rigar Zuhura

Assalamu alaikum. Shugaban taro Alhaji Bukari, mai girma darakta, malamman lakwal, liman, iyaye maza da iyaye mata, ina gaishe ku gaba ɗaya. Na gode da kunka ba ni dama, ni Hadijatu, mai bandar kifi daga Garou.

Maganata ta farko, abin da ya faru. Ɗiyata Zuhura cikin hayaƙin banda ta tashi, kuma hayaƙin ya kama rigarta ta lakwal. Yara sunka sa mata suna Banda. In ta shiga aji su toshe hanci, in ta zauna su matsa ƙarshen benci. Malaminsu ya ji, ya yi murmushi, ya ci gaba da darasi.

Ta biyu, abin da ya biyo baya. Yarinya ta bar zuwa lakwal, ta bar cin abinci, ta bar barci, ta bar magana. Wanka take ta yi, tana dirzar jikinta da soso har fata ta saɓule. Dangi sunka ce iskokin ruwa ne, tun da bakin kogi muke. Anka kawo rubutu, anka kawo turare, anka lulluɓe ta da zane ana yi mata hayaƙi safe da marece. Jama'a, yarinyar da hayaƙi ya jawo wa ba'a, ita muke ƙara wa hayaƙi. Sai da wata likita ta zaunar da ita ta tambaye ta, sannan Zuhura ta juyo ta ce mini: "Inna, ko na yi wanka, ji nake ina wari." Wallahi wannan magana ta ƙona mini rai.

Ta uku, roƙo. Malammai, murmushinku izini ne ga yara. Iyaye, babu gida a nan da kifinmu bai shiga tukunyarsa ba. Ku tambayi 'ya'yanku wa suke kira da sunan da ba uwarsa ta raɗa masa ba. Zuhura ta yarda ta koma aji ranar Litinin, ban sani ba ko za ta iya zama har a tashi. Abu ɗaya ta roƙa: a kira ta da sunanta.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kwantar da hankalin duk yaron da ke jin tsoron zuwa lakwal, Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.