Ragar Indararo da Mangwaron Mama

A rumfar mai kayan gini, wani direba ya tarar ana yanka wa wata dattijuwa ragar waya.

"Mama, kaji za ki killace?"

"Ta rufe indararo ce, ɗana. In ganye ya toshe shi, ruwa ya dinga malalowa bango ke nan."

"Ai sai ki sare bishiyar ki huta."

"Haka babban ɗana ya ishe ni. Mangwaron da marigayi ubansa ya dasa? Na ƙi, na sa raga. Ruwan jiya ko ɗigo bai taɓa min bango ba."

"To wannan fa?"

Ta gyara mayafi. "Tasa ce. Ya sare bishiyarsa, ganyen maƙwabta ya toshe masa indararo. Yanzu haka yana gidana, a inuwar mangwaron yake jiran katifarsa ta bushe."