Darussan Kimiyya Biyar da Hannu Mai Rawa

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce Rifkatu, 'yar Mama Ladi mai ɗinki ta unguwar Paris-Congo.

Da na shiga jami'a, na ɗauka biyoloji kawai zan karanta, abin da nake so tun ina ƙarama. Ashe a shekarar farko ba a zaɓe. Lissafi, fizik, shimi wato ilimin haɗa sinadarai, biyoloji, har da ilimin duwatsu, duka a lokaci guda, kuma da Faransanci, ni da na yi rabin karatuna a Najeriya. In na kama lissafi, shimi ya zube. In na juya ga shimi, fizik ya gudu. Na faɗi warwas. Aka ce in maimaita, in na sake faɗuwa kuwa sai gida.

Daga nan tsoro ya shiga jikina. Kai na sara, abinci ba ya shiga, hannuna na dama ya soma rawa kamar na tsohuwa. Muka je asibiti, likita ya duba bai ga komai ba, ya ce in huta. In huta a ina?

Wata Laraba mahaifiyata ta ja ni taron zumuntar mata a coci. Shugabarsu, Mama Saratu, ta ɗora mini hannu ta ce, "Ya Ubangiji, kayan nan ya fi ƙarfin kai ɗaya. Ka aiko wa yarinyarka da masu taya ta ɗauka." Na ce amin, amma gaskiya na ɗan ji haushi. Ni ƙwaƙwalwa mai kaifi na zo roƙo, ga Mama Saratu tana roƙa mini 'yan dako!

Bayan kwana kaɗan muna ɗakin gwaji na shimi. Ana ɗiga ruwan magani ɗigo-ɗigo cikin kwalba har launi ya sauya, ɗigo ɗaya ya wuce, aiki ya lalace. Hannuna ya hau rawa. Ban san a fili nake magana ba, na ce Yesu ka riƙe mini hannun nan.

Sai yarinyar da ke gefena ta riƙe mini wuyan hannu, ta ce da Hausa, "Sannu a hankali, 'yar'uwa. Saki kaɗan."

Zara ce, 'yar unguwar Diguel, wadda ban taɓa jin bakinta da wani abu ba sai Larabci. Kakanninta sun taso daga ƙasar Hausa za su hajji a ƙafa, suka yada zango a nan. Da muka fita ta gaya mini su uku ne suke karatu irin na gayya: kowace Asabar a taru a gonar mutum ɗaya, wato a kan darasi ɗaya, wanda ya iya darasin ya koya wa saura. Suna da mai lissafi da fizik, da mai duwatsu, ita ce ta shimi. Biyoloji ne ya gagare su duka.

Jama'a, ni da nake ganin ba ni da amfani, ni aka zauna ana saurare a ƙarƙashin bishiyar gidansu Zara, mahaifiyarta tana kawo mana shayi. Ban ma san ranar da hannuna ya daina rawa ba. Na ji daɗin karatu, na koma cin abinci har mahaifiyata ta fara ɓoye tukunya.

Sakamako ya fito, na haye duka biyar. Na duwatsun dai da ƙyar, kada in yi ƙarya a gidan Ubangiji. Mu huɗun babu wanda aka mayar gida. Halleluya!

Na gode wa Allah da bai bi tsarina ba. Ɗan'uwa, in kayanka ya yi nauyi, kai shi gaban Yesu, kuma kada ka raina hannun da zai aiko. Gobe da safe zan shiga darasi a aji na biyu na jami'a. Ku taya ni cewa amin.