Uwa ta yi alkunya, 'ya ta rasa jarrabawa

Assalamu alaikum mai gabatarwa da masu saurare. Ni malamin makaranta ne a nan Garwa, kuma raina a ɓace yake.

Ina da ɗaliba, Hadiza, wadda iyayenta suka yo ƙaura daga Najeriya lokacin tashin hankali. Ta koyi Faransanci har ta wuce 'yan ajinta. Ranar da ake yi musu takardar zama, jami'i ya tambayi uwarta sunan yarinyar. 'Yar fari ce, kuma sunan surukar uwar ta ci, sai uwar ta sunkuyar da kai ta ce, "Ummi." Haka ya rubuta.

Bana an dawo mana da takardun rajistar jarrabawarta, wai Ummi da Hadiza mutum biyu ne. Na je ofishin jarrabawa da kaina na yi wa wani ma'aikaci bayanin alkunya. Mutumin ya ce, "Malam, mu ba ruwanmu da kunya. Su koma inda aka haife ta su samo takardar haihuwa." Ina za su koma? Garin ya watse.

Jiya uwar ta zo tana kuka: "Malam, yanzu zan faɗi sunan, ko a gaban wa." Amma an rufe rajista.

Don Allah, wanda ya san hanyar gyara ya taimaka. Hadiza tana ta bitar karatu, na kasa gaya mata.